Lafiya Lau a Luzin Alli

A zamanin soja, idan za a rufe wuri, takarda ɗaya ake aikowa da kwaɗo ɗaya, shi ke nan an gama. Amma tun da aka yi Taron Ƙasa aka ce dimokuraɗiyya ta shigo, ba a ƙara rufe komai haka kawai ba. Sai an turo mutum daga Yamai a cikin farar mota, ya zauna ya ji ta bakin talakawa, ya rubuta, sannan a kawo kwaɗon. Wannan shi ne ci gaban da aka samu, kuma shi ne ya iso Luzin Alli a bazarar 1994.

Luzin Alli ma'aikata ce a bayan garin Tawa, kan hanyar da ta yi arewa, inda ake niƙa farin dutse a yi allin 'yan makaranta da farar ƙasar shafen bango. Mutum arba'in da bakwai ke aiki a cikinta. Da yamma in sun taso, fari fat suke tun daga gira har yatsun ƙafa, kowa na tafe yana kaki. A kusurwar gabas akwai wani ɗaki mai gado ɗaya da kabad ɗaya, shi ne ɗakin shan maganin ma'aikata, kuma Zalika ce ke riƙe da shi shekara shida ke nan. A gabanta Madan suke ce mata. In ta ba da baya su ce Mai Baki, don ba ta taɓa ganin abin faɗa ta haɗiye ba.

Wata Laraba Mushe Issouf, direktan luzin, ya aika aka kira ta. Ta same shi a ƙarƙashin fanka, ya saki ciki a kan tebur. A bango bayansa akwai wata takarda cikin gilashi, an rubuta ta da Faransanci, wai ita ce tsarin kula da lafiyar ma'aikata. Sharuɗɗa goma sha biyu ne a cikinta, kuma Zalika ta haddace su don takaici. Akwai ƙyallen rufe hanci sabo kowane wata. Akwai madara kofi ɗaya kowace safiya, akwai hoton ƙirji sau ɗaya a shekara. Madarar dai an taɓa sha sau ɗaya, ranar da aka rataya takardar.

"Madan," in ji shi, "Alhamis ta mako mai zuwa misiyo, wato tawagar bincike, na zuwa daga Yamai. Turawan da ke aiko miki da kwalin magani suna son su san ko tsarinmu na aiki. Za a tambayi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya."

"In an tambaye su sai mi?"

"In an ga suna bukatar ɗakinki, a bar shi. In an ga lafiyarsu lau, bon, kin san halin da ake ciki. Ba a ajiye abin da ba shi da amfani."

Ya faɗi haka yana kallon silin, kamar abin bai dame shi ba. Zalika kuwa ta san tun watan jiya shugaban jam'iyyar su direkta na unguwa ya zo ya auna ɗakin da taku, ya ce zai yi kyau da ofis.

Ba ɗakin ne ya dame ta ba. Ita ma'aikaciyar gwamnati ce, in an rufe nan a jefa ta wani wuri. Abin da ya hana ta sukuni shi ne Illa.

Illa mutumin Kalfu ne, dattijo mai kusan shekara sittin. Shekara goma sha tara ya yi a bakin injin niƙa, inda ƙurar ta fi kauri. Ƙurar ta cinye masa huhu, sannan tarin fuka ya samu ƙofa a buɗe ya shiga. Ranar da Zalika ta ga jini a bakin rigarsa, ta yi ta masifa har sai da aka ɗauke shi daga injin aka mai da shi ɗinkin buhu a waje. Ta fara masa allura, ɗaya kowace safiya, sai an yi sittin ba fashi, bayan su kuma ƙwayoyi na watanni. A kalandar da ke bayan ƙofa take jan layi, kuma a ranar Larabar nan layi goma sha tara ne. Maganin duk daga kwalin Turawan nan yake fitowa. A gari kuwa, tun da aka karya darajar kuɗi a farkon shekara, irin wannan allura ta yi wuyar gani. In an rufe ɗakin, kwali ya tsaya, kuma in kwali ya tsaya Illa ya tafi. Lissafin bai fi haka tsawo ba.

Washegari da ya zo allura, ta tura ƙofa ta tsaya a gabansa.

"Baba Illa, wani mutum za shi zo daga Yamai shi tambaye ka lahiyarka. Mi za ka ce mai?"

"Lahiya lau mana."

"To ka kashe ni, ka kashe kanka. Ce mai za ka yi: ba ni da lahiya."

Illa ya dube ta kamar ta zagi wani babba. "Subhanallahi, ɗiyata. Ina tsaye bisa ƙahwahuna, na ci tuwo jiya, in ce ba ni da lahiya? To wanda ke kwance shi ce mi?"

"Wanda ke kwance ma da sauƙi ya ke cewa, har a kai shi rame. Na san ku sarai. Maimaita: ba ni da lahiya."

"Butulci na ga Allah."

"Allah ya san abin da ke cikin ƙirjinka, ba shi bukatar ka ɓoye mai. Mutumen Yamai na bai sani ba. Maimaita."

Ya motsa leɓe, maganar ta ƙi fita. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana ɗaga dutse, ga shi kalma huɗu sun gagare shi. Haushi ya kama ta, tausayi ma ya kama ta, ta rasa wanne za ta bi. Kwana bakwai tana yi masa wannan karatu, kafin allura da bayan allura. Ta bi sauran ma'aikatan ma da nasu, suna cewa to Madan, to Madan, irin to ɗin da ake yi wa mai surutu don ya tafi.

Ran Laraba, ana gobe misiyo, Illa ya sauko da kansa.

"Na ji, za ni hwaɗa. Amma ba a tarbon baƙo da ciwo. Sai mun gaisa tukuna, gaisuwa ta ƙare, shi ba ni wuri, sannan in ce mai: to, dama ga abin da ke akwai."

"Ka yi alkawali?"

"Na yi."

Ta yarda, don ita ma a nan aka haife ta, ta san haka ake yi. Ko gobara mutum ya zo faɗa, sai an gama ina kwana da ina gida, sannan ya gyara zama ya ce to, dama.

Ran Alhamis luzin ya wayi gari kamar amarya. An shafe bango da farar ƙasar da suke niƙawa, wadda shekara shida ba a taɓa tunanin shafa wa nasu bangon ba. An kashe injin don kada ƙura ta dami baƙo. Mushe Issouf da kansa ya fito da wani kwali daga ƙarƙashin teburinsa, ya raba ƙyallayen rufe hanci sababbi fil, yana rubuta sunan duk wanda ya karɓa. Rissa mai gadi, wani Buzu dogo, ya juya nasa a hannu ya mayar, ya nuna rawaninsa da ya rufe masa baki da hanci tun yana saurayi. Shi kaɗai ne a luzin ba ya tari.

Da hantsi farar mota ta shigo. Wani mutum ya fito da kwat da tabarau, a cikin zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Sunansa Mushe Almoustapha, mai binciken lafiyar wuraren aiki. Yana rungume da wani allo da aka maƙala wa takardu. Bayan ya sha lemo a ofishin direkta, ya biyo ta ɗakin Zalika, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Madan, ina kwana? Ina lafiya?"

"Lahiya lau, Mushe."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina aiki?"

"Aiki da godiya."

"Ya ƙura? Ya mutanen gida?"

"Da sauƙi. Suna lahiya."

Ya tambayi sunanta, ya ɗan yi rubutu. Zalika ta ce a ranta, wannan dai ko ba komai yana da tarbiyya, boko bai cinye masa gaisuwa ba. Ta ɗauko babban littafinta da take rubuta duk wanda ya zo da ciwo, shekara shida cif, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya dube shi daga nesa kamar an miƙo masa ɗanyen kifi.

"A'a, Madan. Wannan ganinki ne ke kaɗai. Zamanin da mutum ɗaya ke magana da bakin jama'a ya wuce. Mu muryar ma'aikata muka zo ji, daga bakinsu." Ya dubi agogo. "Kuma kafin azahar ina da makarantar kwana guda da mahauta, duk yau."

Aka kafa masa tebur a inuwar itacen bedi, ma'aikata suka yi layi, kowa da farin ƙyalle a fuska. Zalika ta zagaya ta tsaya a bayansa inda za ta ga takardar. Tambaya biyar ce da Faransanci. Ta farko, yaya kake ganin lafiyar jikinka. Ta biyu, aikin na gajiyar da kai. Ta uku, ka gamsu da aikinka. Ta huɗu, ƙura na cutar da kai. Ta biyar, yaya lafiyar iyalinka. A gaban kowace akwai gida huɗu, daga mai kyau ƙwarai zuwa maras kyau. Tambayoyin ba su da laifi. Wanda ya tsara su a can ƙasarsu, mai yiwuwa har ya yi zaton alheri yake yi.

Na farko ya matso, wani Yunusu mai ɗaukar buhu, wanda Zalika ta san bayansa ba ya miƙewa sai da dabara.

"Ina lafiya?" in ji Mushe Almoustapha.

"Lahiya lau."

Bik, wato bironsa, ya sauka a gidan farko.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ya ƙura?"

"Lokacinta na."

"Mutanen gida?"

"Lahiya lau suke."

"Madalla. Na gaba."

Yunusu ya tsaya sororo yana jiran a fara tambayar da aka ce za a yi, sai na bayansa ya ture shi. Na biyu ya zo, haka. Na uku, haka. A kan na uku ne abin ya faɗo wa Zalika.

"Mushe," ta ce da ƙarfi, "gaisuwa ka ke yi ko tambaya?"

Bai ko juyo ba. "Fassara nake yi, Madan. Ba su jin Faransanci. In kin san wata kalmar Hausa da ta fi lafiya dacewa da lafiya, ki ba ni."

"Ka san abin da ni ke nuhi. Ka tambaye su ina ke yi musu ciwo."

"Ba ya cikin takarda."

Mushe Issouf ya taso da sauri ya ce mata ta koma gefe, wai tsayuwarta a nan matsin lamba ce ga ma'aikata, kuma yanzu kowa na da 'yancin faɗin ra'ayinsa ba tare da tsoro ba. Ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta harɗe hannu. Daga nan take kallon mutanenta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, masu ciwon ƙirji da masu jan ido da wanda injin ya cinye wa yatsa biyu, kowa na ɗaga ƙyalle ya ce babu gajiya. Da aka zo kan Rissa ya amsa da yarensu, "Alher ghas," wato alheri kaɗai. Mushe Almoustapha ba ya jin yaren, amma hannunsa ya san gidan da zai sa.

Ta raina su a ranar, ba za a ɓoye ba. Ta raina mai kwat da ya san abin da yake yi, ta raina direkta, ta raina har waɗannan bayin Allah da aka shimfiɗa musu tarko da ladabinsu suka taka da godiya. Idonta na kan Illa, shi ne na talatin da ɗaya. Mutum ɗaya ya isa, in ji ta a ranta. In mutum ɗaya ya ce yana tofar da jini, dole a rubuta.

Da Illa ya iso gaban tebur ya sauke ƙyallensa, sai mai binciken ya cire tabarau ya miƙe tsaye.

"Baba Illa? Kai ne? Ni ne Almoustapha, ɗan Alƙasum na Kalfu, na bakin rijiya."

"Allahu akbar! Ɗan Alƙasum! Kai ne ka zama haka?"

Zalika ta ji daɗi ya kama ta. Ɗan gida ne ashe. Wanda ya sha ruwan Kalfu ba sai an fassara masa lahiya lau ba.

Almoustapha ya ɗan rusuna, ya kama hannun dattijon da hannu biyu, har Hausarsa ta koma ta gida. "Baba, ina lahiya?"

"Lahiya lau, ɗana."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina aiki? Ya ƙura? Ina su Inna Delu?"

"Aiki da godiya. Ƙura da sauƙi. Dut suna lahiya."

Mutumin ya zauna, ya mayar da tabarau, bik ya yi tsalle sau biyar. Illa kuwa ya ga gaisuwa ta ƙare. Ya waiwayo ya dubi Zalika, ya gyara tsayuwa, ya dafa tebur da hannu ɗaya.

"To, dama..."

Tari ya sarƙe shi. Irin tarin nan ne mai fitowa daga ƙasan ciki, ya naɗe mutum biyu. Ya yi ta yi. Da ya lafa, ya goge baki da ƙyallen da aka ba shi, ya dunƙule shi a hannu don kada yaron ya gani.

"Sannu, Baba," in ji Almoustapha. "Allah shi sawwaƙe. Ya jikin?"

Wace amsa ce da wannan tambaya a duk faɗin wannan ƙasa ta Adar?

"Da sauƙi," in ji Illa.

A ƙasan takardar akwai wurin ƙarin bayani. Almoustapha ya rubuta da Faransanci cewa yana samun sauƙi. "A gaida gida, Baba. Na gaba."

Illa ya ɗan tsaya. Amma ga mutum goma sha shida a bayansa cikin rana, ga kuma ɗan abokinsa, wanda ya taɓa gani ba wando, ya riga ya mai da kai kan wata takardar. Dattijo ba ya tsayawa ya yi wa ɗan cikinsa kukan ciwo a gaban jama'a. Ya ja ƙafa ya wuce, bai yarda ya dubi wajen ɗakin magani ba.

Kafin azahar an gama. Zalika ta tare mutumin a bakin mota, direba har ya tayar.

"Kai ɗan Kalfu ne," ta ce. "Ka ga jinin da ke ga ƙyallen nan ko ba ka gani ba?"

"Ni ba likita ba ne, Madan. Abin da aka faɗa mini nake rubutawa. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Tsohuwarka tana da rai?"

Fuskarsa ta canza. "Ta rasu."

"Allah shi jiƙanta. Ranar ƙarshe da ka tambaye ta jiki, mi ta ce maka?"

Ta ga maganar ta shige shi, ta ga kuma ya nemo inda zai ajiye ta ya ajiye. Ya buɗe allonsa a hankali, ya zaro takardar da ke can ƙasa, ya miƙo mata.

"Ma'aikata arba'in da bakwai ne, da ke arba'in da takwas. Ga taki."

Sunanta ne a sama. Lafiya, mai kyau ƙwarai. Gajiya, babu. Aiki, ta gamsu. Ƙura ba ta dame ta ba, iyali lafiya. Duk da bakinta ta faɗa da hantsin nan, tana ma yaba tarbiyyarsa.

"In ke da kika yi karatu haka kika ce," in ji shi, "ni wane ne da zan ƙaryata ki?"

Mai Baki ta sake bin gidajen da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓe takardarsa ya shiga mota. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Mushe Issouf ya fito da kwalinsa yana kiran suna, kowa ya mayar da ƙyallen da aka ba shi. Na Illa ne kaɗai ya duba ya ce a bar masa. Aka tayar da injin.

Gwamnatin da takarda ke shekara a teburinta ba a sa hannu ba, wannan karon mako biyu ya ishe ta. Rahoto ya fito cewa a Luzin Alli ɗari bisa ɗari na ma'aikata lafiyarsu lau, ɗari bisa ɗari ba sa gajiya, ɗari bisa ɗari sun gode da aikinsu, abin da ba a taɓa gani ba ko a ƙasar Turawan. Saboda haka tsarin ya yi nasara, ɗakin magani ya gama aikinsa, za a karkata kwalin zuwa inda ake da bukata. Aka haɗo da takardar yabo, Mushe Issouf ya sa ta a gilashi ya rataya kusa da mai sharuɗɗa goma sha biyu.

Zalika ta rubuta wasiƙa uku zuwa Yamai, ta haɗa da shafukan littafinta. Ba a amsa ko ɗaya ba. Ta je wurin 'yan sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, suka ce yanzu suna kan babban yajin aiki na ƙasa, in an gama za su duba. Abin da ya rage a kabad ya kai Illa allura ta arba'in da ɗaya. Ran da za a yi ta arba'in da biyu, kwaɗo ne a ƙofar, da takardar da ta tura ta aiki garin Takanamat. Kafin sati an kafa tutar jam'iyya a kan ɗakin, kalandarta na nan a bayan ƙofa ba wanda ya cire.

Ta rubuta wa Illa takarda ya kai asibitin cikin gari, ta roƙe shi kamar za ta durƙusa. Ya je sau biyu. Tafiyar na cin masa safiya ɗungum, maganin kuma yau akwai gobe babu. Da ruwan farko ya sauka ya ce zai je Kalfu ya yi shuka ya dawo. Bai dawo ba.

Sai da kaka ta samu ta je. Ta shiga motar kasuwa zuwa Tawa, ta sake wata zuwa Kalfu, ta iso da rana tsaka ana ta ɗaurin gero. Delu, matar Illa, ta tarbe ta a ƙofar gida, ta nuna mata rumfa.

Yana kwance a kan tabarma, an tokare masa kai da buhu. Abin da ya rage na mutumin bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Zalika ba ta bukatar ta sa masa abin sauraren ƙirji, daga bakin rumfar take jin numfashinsa. Tun a mota ta yi wa kanta rantsuwa ba za ta gaishe shi ba, ba za ta sake ba wa wannan kalma ta lahiya lau hanya ba. Ta zauna a gefen tabarmar ta yi shiru.

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Madan," ya ce a hankali, "hushi ki ke yi da ni? Ba ki gaishe ni ba."

Rantsuwar ta karye nan take. "Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta tambayi gida, ta tambayi gona, ya amsa duka, yana hutawa tsakanin kowace amsa. Da gaisuwa ta ƙare ba ta tashi ba, ba ta kuma ce komai ba. Ta ba shi wuri. Kaji na tono a bakin rumfa, can waje ana jin masu ɗaurin gero suna dariya. Ta jira, don ba ta da makarantar kwana ko mahauta da ke jiranta.

Illa ya yunƙura ya ɗan gyara kwanciya, ya dafa tabarma da hannu ɗaya.

"To, dama..." Ya tsaya ya nemi numfashi. Wannan karon tarin ya ƙyale shi. "Dama, ɗiyata, ba ni da lahiya."

Kalma huɗu, a jere, ba gargada. Zalika ta dubi hannuwanta. Ba allura, ba bik, ba takarda mai gida huɗu.

"Na hwaɗa daidai?" in ji shi.

"Ka hwaɗa daidai, Baba," ta ce, ta kama hannunsa ta riƙe.